Shin Ko Kun San? Abin Dubawa Kafin Sayen Kare

Shin ko kun san cewa ƙungiyar masu karnuka ta duniya, FCI, wadda aka kafa a 1911, mai hedikwata a ƙasar Beljiyam, ta amince da jinsunan karnuka sama da 350? Kowane jinsi an rubuta tsayinsa, nauyinsa, irin gashinsa da aikin da aka samar da shi dominsa. Amma mai neman karen gadi a wajenmu suna yake tambaya, sai girman jiki, sai farashi.

Ko kun san kare ba ya gumi kamar mutum? Ta haki yake fitar da zafi, sai ɗan abin da ke fita ta tafin ƙafarsa. Shi ya sa karnuka masu shafaffen hanci, irin su Bulldog da Pug, suke shan wahala idan rana ta buɗe, domin hanyar numfashinsu gajera ce kuma matsattsiya. Binciken da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Royal da ke Landan ta yi tarayya a cikinsa a 2020 ya nuna haɗarin bugun zafi ga Bulldog ya ninka na Labrador kusan sau 14. A Ingila ke nan fa. To ina ga Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40? Haka ma Caucasian Shepherd da ake yayinsa a gidajen masu hali: gashinsa ninki biyu ne, an samar da shi ne don tsaron tumaki a duwatsu masu ƙanƙara na Jojiya da maƙwabtanta, kuma namijinsa kan wuce kilo 50. Ɗaure irin wannan dabba a kan siminti da tsakar rana zalunci ne, ko nawa aka saye ta.

Babban kare ya fi saurin tsufa. Great Dane da wuya ya wuce shekara 10, alhali ɗan mitsitsin Chihuahua kan kai 15. A lissafin matsakaicin tsawon rai da kwalejin nan ta Landan ta fitar a 2022, Jack Russell ne a sama, da shekara 12.7, Bulldog na Faransa kuma a ƙasa, da shekara 4.5. Duk da haka a shekarar ce wannan Bulldog ɗin ya zama kare mafi farin jini a Amurka, ya kawar da Labrador da ya yi shekara 31 yana kan gaba. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Shin ko kun san an taɓa jera karnuka bisa kaifin basira? Stanley Coren ne ya yi a littafinsa na 1994: Border Collie na ɗaya, Poodle na biyu, German Shepherd na uku. Sai dai abin da ya auna shi ne saurin koyon umarni da bin sa. Border Collie karen kiwon tumaki ne, yana bukatar gudu da aiki kullum, kuma idan aka kulle shi a tsakar gida sai ya huce a kan takalma da kujeru. German Shepherd kuwa, wanda Max von Stephanitz ya kafa jinsinsa a Jamus a 1899, an san shi da ciwon ƙugu na gado.

Ga wanda ya fi ɗaukar hankalina. A 2022 mujallar Science ta wallafa binciken da aka yi kan karnuka sama da 18,000, inda aka gano jinsi na bayyana kusan kashi 9 cikin 100 ne kacal na bambancin halayyar kare da kare. Wato jinsi zai faɗa muku girman da kwikwiyo zai kai, da abincin da zai ci, da cutar da zai iya gada, amma ba zai tabbatar muku zai yi haƙuri da yara ba. Don haka ku nemi ganin uwarsa, ku lura da yadda take karɓar baƙo.

Ga mai neman karen gadi kuwa, Basenji na ƙasar Kwango ba ya haushi, sai wani irin guɗa. Bai dace da gadi ba.

Ko kun san Sahel na da jinsin da duniya ta sani? Azawakh ke nan, karen Abzinawa, wanda ya samo suna daga kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali. Siriri ne, dogon ƙafa, gajeren gashi, ya saba da rana da tafiya mai nisa, yana farauta yana gadin zango. Ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta ba shi cikakkiyar rajista a 2019. Karnukan mafarautanmu da ake rainawa su ma jikinsu ya dace da ƙasar nan fiye da na ƙetare, kuma ciyar da su bai kai tsadar na waje ba.

Ciwon haukan kare kuwa bai bar kowane jinsi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma har kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗauka. Ana yi wa kwikwiyo allurar farko yana wata uku, a riƙa maimaitawa yadda likitan dabbobi ya tsara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato na cikin masu haɗa wannan riga-kafi.