Yadda na zama magajin gari a cikin waya, da abin da birnin ya ci mini

A watan Nuwamban 2024 na zama magajin gari. Ba wanda ya kaɗa mini ƙuri'a, ba wanda ya naɗa mini rawani. Birnin nawa yana cikin wayata ne, a wani wasa na manhajar Telegram, da titunansa da asibitinsa da tashar wutar lantarki, kuma lokacin da ya fi bunƙasa allo ya nuna mini mazaunansa sun haura 40,000. A zahiri kuwa malamin firamare ne ni a Malanville, ina hayar ciki da falo, ina jiran ƙarshen wata kamar kowa.

Ga wanda bai san garinmu ba, Malanville ne gari na ƙarshe a arewacin Jamhuriyar Benin, a bakin kogin Neja. Ka haye gada, ka shiga Gaya ta ƙasar Nijar. Kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, mai nisan fiye da kilomita 700 daga nan, a da ta wannan gada suke bi su nufi Dosso da Yamai da Maraɗi. Kasuwarmu ana cewa ita ce ta biyu a ƙasar bayan Dantokpa ta Kwatano. Duk wanda ka gani a garin nan, mai tuwo ne, bakanike ne, ɗan dako ne, mai gidan haya ne, kai tsaye ko a kaikaice daga masu wucewa yake ci.

Sai aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, aka kifar da Mohamed Bazoum, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe gada. Manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin hanya har ba ka hango ƙarshensu. A watan Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe. Mutane da buhuna suka koma kwale-kwale. Samarin da ke rayuwa da yi wa direbobi zirga-zirgar takardun duwan suka wayi gari ba abin yi, sai shayi da waya.

A cikinsu akwai wani tsohon ɗalibina, yaro mai kaifin lissafi, wanda har yau ba ya kirana sai da “Mushe”, kamar yadda yara ke kiran malamin lakwal a nan. Shi ya fara nuna mini abin da 'yan uwanmu na Najeriya ke kira mainin. A watan Mayun 2024 Notcoin ta fashe, wato an fara sayar da sulallanta a kasuwar kirifto, wasu da suka yi watanni suna dannar allo suka ga kuɗi na gaske. Labari ya tsallako daga Kamba da Birnin Kabi ya iso majalisunmu. Kowa ya koma dannar Hamster Kombat, wadda masu ita suka ce ta tara 'yan wasa miliyan 300. Da ta fashe ranar 26 ga Satumba, abin da akasarin mutane suka samu bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. Na yi ta yi musu dariya. Wata biyu bayan nan ni ne a ciki tsundum, har na fi su zurfi, don su lokaci suka zuba, ni kuɗi na zuba.

Ranar da yaron ya zo gidana bayan la'asar, cewa ya yi, “Mushe, wannan ba irin na danne-danne ba ne. Wannan na masu ilimi ne. Gari za ka gina, ka tsara shi, ya riƙa biyanka haraji.” Ya san inda zai taɓa ni.

Ba zan faɗi sunan wasan ba, irinsa suna da yawa kuma kusan duk tsarinsu ɗaya. Ana ba ka fili kyauta ka fara. Ka gina gidaje, mutane su tare. Ka gina shaguna, su kawo kuɗin shiga kowace awa. In mazauna sun yi yawa sai wuta ta gaza, sai ka gina tashar lantarki, in ba haka ba su fara ƙaura. Gaskiya wasan yana da daɗi, kuma yana koyar da wani abu. Na taɓa amfani da shi a aji na bayyana wa yara dalilin da ya sa gari ke buƙatar magudanar ruwa kafin a ƙara gidaje, abin da duk ɗan Malanville da ya ga ambaliya zai gane. Matsalar tana farawa ne daga inda kyauta ta ƙare. In kana son birninka ya shiga sahun gaba sai ka sayi fili na musamman da kuɗin kirifto, a ba ka shaidar mallaka a bulokcen.

Bulokcen ɗin nan, yadda na fahimce shi, kamar kundin uwar adashe ne da aka kwafa a hannun dubban mutane lokaci guda. Duk abin da aka rubuta kowa ya gani, ba mai iya gogewa shi kaɗai. Shaidar filin, wadda suke kira NFT, layi ɗaya ce a kundin da ke cewa fili mai lamba kaza na wane ne. Wannan gaskiya ne, ba ƙarya a ciki. Abin da ban tsaya na tambaya ba shi ne inda filin kansa yake. Hoton birnin da titunansa da dokar da ta ce shago zai kawo sulalla kaza a rana, duk suna kan kwamfutocin kamfanin ne. Su ke canza doka in sun ga dama. Ranar da suka kashe na'ura, takardarka tana nan daram a kundi, filin ne babu.

Ba mu muka fara ba, kuma waɗanda suka riga mu sun fi mu aljihu nesa ba kusa ba. Bayan kamfanin Facebook ya koma Meta a watan Oktoban 2021, duniya ta rikice da sayen filaye a biranen intanet. A Decentraland, mai filaye 90,601, wani kamfani ya sayi yanki guda a kan kusan dala miliyan 2.4 ta Amurka a watan Nuwamban shekarar. A The Sandbox kamfanin Republic Realm ya biya dala miliyan 4.3, wani kuma ya ba da kimanin dala 450,000 don kawai ya zama maƙwabcin mawaƙi Snoop Dogg. Shekara ba ta zagayo ba farashi ya rufto. A ƙasar Filifins talakawa sun mayar da wasan Axie Infinity sana'a lokacin korona, wasu har da bashi suka shiga, daga baya sulallan da ake biyansu da shi ya zubar da fiye da kashi 99 cikin 100 na darajarsa, kuma a watan Maris na 2022 ɓarayin intanet suka kwashe sama da dala miliyan 600 daga rumbun wasan. Duk wannan yana rubuce tun kafin in sayi filina. Ban nema ba ne, don ba na son in gani.

Lissafin da na yi a bayan littafin shirya darasi ga shi. Fili jaka 25, wato sefa 25,000. Yana ba da sulalla 100 a rana. A lokacin sulalla ɗaya tana daidai da sefa 5, abin da mu nan muke ce wa dala ɗaya. Ke nan sefa 500 kullum, cikin kwana 50 uwar kuɗi ta dawo, sauran duk riba. Na sayi uku da kuɗin adashen da na kwasa, wanda muka yi da maiɗakina za a sayi keken ɗinki da shi. Na ce mata ta ba ni wata biyu, za ta ga keke har da injin zigzag. Ta dube ni ta ce, “Malam, kai ka sani.” Ba ta ƙara ko kalma ba.

Makonnin farko abin ya tafi yadda aka faɗa. Na ma cire jaka 9 ta hannun wani mai canjin kirifto, ya turo mini ta MoMo, na sayo nama na shiga gida ina taƙama. Wannan jaka 9 ita ta yi ɓarnar da ta fi kowace, domin na nuna wa mutane saƙon a waya. Abokan aikina biyu suka shiga ta hanyar gayyatata, wasan kuma ya ba ni tukuicin sulalla a kan kowannensu. Shi ma yaron da ya kawo ni, wanda da can na kyauta kawai yake bugawa, ya je ya karɓi jaka 50 cikin jarin albasar mahaifiyarsa. Hujjarsa ita ce, tunda Mushe ya sa kuɗinsa, an gama bincike.

Wanda ya fara sa ni shakka wani dattijo ne, dillalin filaye da gidaje a unguwarmu, wanda bai taɓa shiga aji ba. Na nuna masa birnina ina alfahari, ya karɓi wayar ya ƙura mata ido, ya ce, “Malam, wannan shagon naka, su wa ke wucewa ta ƙofarsa?” Na ce mazauna birnin. Ya ce, “A'a, masu kuɗi a aljihu nake nufi. Rumfar bakin tasha da nake bayarwa haya da tsada, tun da aka rufe gada ko rabin kuɗin ba mai ba ni. Rumfar ba ta canza ba, ƙafa ce ta ɗauke. To naka ƙafar wa ke takawa?”

Na kwana da tambayar. Mutum 40,000 da ke birnina zane ne, ba sa cin tuwo, ba sa sayen sabulu. Sulallan da shagunana ke “samu” kamfani ne ke ƙirƙiro su kullum daga babu, ya raba wa dubban magadan gari irina. Kowannenmu so yake ya sayar. Mai saye ɗaya ne tak, sabon shiga da ke buƙatar sulalla don ya gina nasa birnin. Ashe jaka 9 da na ci nama da ita daga aljihun wani sabon shiga ta fito, wataƙila ma irin abokan aikina. A makarantar horon malamai ta Kandi an koya mana yadda ake gane lissafin da bai tashi ba. Kuma duk ɗan Benin da ya yi wayo a 2010 ya san labarin ICC Services, inda aka riƙa biyan tsofaffin masu ajiya da kuɗin sababbi har sama da sefa biliyan 150 ta salwanta. Ban ce kowane wasan bulokcen zamba ba ne, wasu masu shi da niyyar wasa suka gina shi. Amma in dai ribar daga sabon shiga take fitowa, kyakkyawar niyya ba ta hana lissafi ƙarewa inda zai ƙare.

Na kai maganar gaban limamin masallacinmu. Ya ce malamai sun saɓa a kan kirifto ita kanta, akwai masu haramtawa akwai masu halattawa da sharuɗɗa, shi ba zai yanke mini a tsaye ba. Sai dai ya ce in duba ko na san abin da na saya, in kuma duba ko ribata ba asarar wani ba ce. Duka biyun na riga na san amsarsu.

Daga Janairun 2025 sulalla ta fara gangara. Daga sefa 5 ta koma 2, ta koma 1. Kamfanin ya fito da sabuwar doka cewa tsofaffin gine-gine sun “tsufa”, sai an biya an sabunta su kafin su ci gaba da bayarwa kamar da. Wasu suka biya. Ni na sa filayena uku a kasuwa, mako uku ba wanda ya taya. Ana cikin haka Pi ta fashe ranar 20 ga Fabrairu, hankalin kowa ya koma can, zauren da muke hira a kan wasan ya zama kufai. Kafin azumi ya raba tsakiya, abin da birnina ke bayarwa a rana bai isa sayen ƙullin ruwan sanyi ba.

Cikin jaka 75 na fitar da 14 gaba ɗaya. Abokan aikina ba su ce mini komai ba, abin da ya fi zagi ciwo, sai dai ɗayansu ya daina zama kusa da ni lokacin hutun tara. Mahaifiyar yaron kuwa har gida ta same ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Malam, ni ban san waya ba. Na san dai kai ka koya masa karatu, kuma da sunanka ya karɓi kuɗin nan.” Na yi mata alƙawarin rabin kuɗin daga albashina, jaka biyar-biyar duk wata. Na gama biya. Keken ɗinki har yanzu yana shagon mai shi.

Yaron yanzu yana bakin kogi, yana lodin buhunan albasa da masara a kwale-kwalen da ke haye wa zuwa gefen Gaya. Aiki ne mai karya baya, ga haɗarin ruwa in an cika lodi, amma da yamma yana komawa gida da abin cefane. Ran nan na same shi can, jiƙe sharkaf, ya ajiye buhu ya gaishe ni. Muna tsaye wayata ta yi ƙara. Na duba, wasan ne yake sanar da ni cewa mazauna birnina suna kukan rashin wuta, in hanzarta in gina musu sabuwar tasha. Na miƙa masa ya karanta. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, “Mushe, ka ce su yi haƙuri, mu ma nan tun jiya ba a kawo ba.” Mai jirgi ya ƙwala masa kira, ya saɓi buhunsa ya gangara.