Kaluluwa: Me Ya Haɗa Ciwon Yatsa da Matsematsi?

Da yawa daga cikinmu mun taɓa yin tuntuɓe a filin ƙwallo, bayan kwana biyu sai ga ƙullutu mai ciwo ya fito a matsematsi. A gida sai a ce kaluluwa ce. To, ina ruwan matsematsi da ciwon yatsa? Amsar tana cikin wasu hanyoyin ruwa da ke jikinmu, waɗanda a darasin Bayoloji ake kira tsarin limf.

Duk lokacin da zuciya ta harba jini, wani ruwa yakan tsattsafo daga ƙananan jijiyoyin jini, ya kai wa tsoka da fata abinci. A rana guda kimanin lita 20 ke fita. Wajen lita 17 yakan koma cikin jijiyoyin, saura kusan lita 3 a waje. Da za a bar shi ya taru, da duk mun kumbura. Saboda haka akwai wasu siraran bututu, kamar magudanan ruwa a unguwa, masu kwashe shi. Da zarar ya shige su, sunansa ya zama limf. Bututun sukan yi ta haɗuwa suna ƙara girma, har su juye ruwan cikin manyan jijiyoyin jini a gindin wuya.

Limf ba shi da famfo irin zuciya. Motsin tsokoki da numfashi ne ke tura shi, sannan akwai 'yan ƙofofi a cikin bututun da ke hana shi komawa baya. Shi ya sa doguwar tafiya a mota ba motsi takan sa ƙafa ta yi nauyi. A ƙaramin hanji kuma, waɗannan bututu ne ke ɗauko maiƙon abincin da muka ci.

A kan hanyar akwai ɗaruruwan 'yan ƙullutai masu siffar wake, sun fi yawa a wuya, hammata da matsematsi. Aikinsu kamar shingen bincike ne. Cike suke da fararen ƙwayoyin jini masu tace ruwan suna kama ƙwayoyin cuta. Ruwan da ya taso daga ƙafa sai ya ratsa na matsematsi. Idan ya zo da cuta daga miki, fararen ƙwayoyin nan sai su hayayyafa don su yaƙe ta, wurin ya kumbura. Kaluluwa ke nan: alama ce cewa jiki yana faɗa. Saifa da ɓargo ma suna cikin wannan runduna.

Idan muna son sanin darajar magudanan nan, mu dubi mai tundurmi. Sauro ne ke ɗauko 'ya'yan wata tsutsa daga jinin mai ita ya sa wa wani. Tsutsar takan zauna cikin bututun limf shekaru tana lalata su, ruwa ya kasa wucewa, ƙafa ta kumbura, fata ta yi kauri. Ga maza takan jawo gwaiwa. Sau da yawa tun ana yaro ake kamuwa, sai an girma ta bayyana. Ba sammu ba ne, kuma ba a ɗauka ta hanyar gaisawa ko cin abinci tare, don haka babu dalilin ƙyamar mai ita.

Ana kuwa iya kawar da ita. A 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin yaƙi da cutar, ta hanyar raba magani ga al'umma duk shekara. A 2017 Togo ta zama ƙasa ta farko kudu da Sahara da ta yi nasara, kuma a wannan shekarar aka sanar da dakatar da yaɗuwarta a jihohin Filato da Nasarawa.

Namu aikin ba shi da wuya. Mu riƙa kwana cikin gidan sauro, mu wanke miki da ruwa da sabulu, mu karɓi magani idan ma'aikatan lafiya sun kawo. Kada mu matse kaluluwa, kada kuma a yi mata sakiya. Yawanci takan sace da kanta in mikin ya warke. Amma wadda ta wuce mako biyu, ko ta yi tauri ba ciwo, ko ta zo da rama da gumin dare, a gaya wa iyaye a tafi asibiti, domin tarin fuka da ciwon daji ma sukan fara nuna kansu ta nan.