Motar tsere ta Japan a Haɗejia: ka tambayi kwamfutarta kafin ka canza mata komai

Duk mai bibiyar bidiyon motoci a YouTube ko TikTok ya san yadda ake yi. A sayo Nissan 350Z ko Toyota 86, a sauke ta har ta kusa shafar kwalta, a sa mata manyan rim, a canza bututun shan iska, a buɗe salansa, sannan a sake rubuta manhajar da ke cikin kwamfutarta. Matasanmu sun fara kwaikwayo, wasu da waɗannan motocin, mafi yawa kuma da abin da ya fi samuwa, wato Honda Accord mai ƙofa biyu, Civic ko Lexus IS. Sai dai galibin bidiyon nan a Kalifoniya ko Japan aka ɗauke su, a kan titi mai santsi, da fetur mai daraja. A Haɗejia kuwa zafin Afrilu yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu ba ta raga wa inji, damina kuma idan ta yi nisa hanya takan koma rafi. Gyaran da ya ƙara wa mota ƙarfi a can yana iya kashe ta a nan cikin daƙiƙa ɗaya.

Daga ina motar ta fito?

Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka motocin da aka ƙera domin kasuwar cikin Japan, masu sitiyari a dama, doka ba ta yarda da su a titinmu ba. Yawancin motocin Japan da ke shigowa ta Legas ko Kwatano daga Amurka, Kanada ko Turai suke. Wannan yana da daɗi ta wani ɓangare, domin tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota soket ɗin bincike mai ƙafa 16 da ake kira OBD-II. Yana ƙarƙashin sitiyari, kusa da gwiwar direba.

Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai haɗari. Bayan guguwar Harvey ta 2017 a Houston, da ta Ian ta 2022 a Filorida, motoci masu ɗimbin yawa da ruwa ya shanye sun bi ta kasuwannin gwanjo, kuma irinsu sukan ƙare a ƙasashe irin namu an wanke su tas. Kafin ka biya kuɗi, ka ɗauki lambar VIN mai harafi da lamba 17 da ke jikin gilashin gaba, ka bincika tarihinta a intanet. Ka ɗaga kafet, ka duba ƙusoshin kujeru ko sun yi tsatsa. Motar da ta taɓa kwana a ruwan gishiri, matsalar wayarinta ba ta ƙarewa.

Na'urar da ta fi kowane rim amfani

Ana sayar da 'yar ƙaramar sikana mai suna ELM327, ba ta kai girman kwalin ashana biyu ba. Ka soka ta a soket ɗin nan, ka haɗa ta da wayarka ta Bluetooth, ka buɗe manhaja irin su Torque ko Car Scanner. Masu iPhone su nemi mai Wi-Fi ko wadda aka rubuta tana aiki da iPhone, domin tsohuwar mai Bluetooth ba ta haɗuwa da ita. Daga nan kana ganin abin da ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke kira birenbos, take gani: zafin ruwan inji, zafin iskar da ke shiga, wutar batir, da yawan fetur da take ƙarawa ko ragewa.

Wannan na ƙarshen ya fi komai muhimmanci. A manhajar za ka ga STFT da LTFT. Lambobi ne da ke nuna kashi nawa kwamfutar ta ƙara ko ta rage a kan fetur ɗin da aka tsara mata. Idan suna kusa da sifili, kamar biyar sama ko ƙasa, inji lafiya yake. Idan LTFT ya wuce goma ya zauna a can, akwai inda iska ke satar shiga, ko famfon mai ya gaji, ko sensar iska ta yi datti. Wutar caji ta tsaya tsakanin 13.5 da 14.5 idan inji na aiki. Ruwan inji kuma, a yawancin motocin nan, tsakanin digiri 85 da 100.

Ga mai saye, akwai wata dabara. Dillali na iya goge lambobin matsala minti biyar kafin ka iso, fitilar gargaɗi ta mutu. Amma gogewar tana mayar da gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta zuwa farko, kuma sai an yi tafiya mai ɗan nisa kafin su sake kammaluwa. Idan manhajar ta nuna yawancinsu ba su kammala ba, ko dai an cire batir kwanan nan, ko an goge wani abu. Sai ka tambaya.

Kada ka bar sikanar a jiki ka tafi. Ƙafa ta 16 tana da wuta ko mota a kashe take, don haka tana shan batir a hankali. Kuma masu arahar nan kusan duk lambar sirrinsu 1234 ce ko 0000, wanda ke tsaye kusa da motar yana iya haɗuwa da ita.

Cokali uku na ruwa

Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a Haɗejia, Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri ba ya buƙatar a faɗa masa yadda ruwa ke cinye hanya. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ruwan da ya taso daga wajen madatsun Tiga da Challawa yakan zo ya tarar da kachalla ta toshe masa mafita, sai ya bazu. Ko a shekarar da ba a yi babbar ambaliya ba, daga Agusta zuwa Satumba ba ka rasa inda za ka ratsa ruwa.

To ga inda gyaran da ya fi farin jini ke zama tarko. Bututun shan iska mai sanyi, wanda ake tallatawa cewa yana ƙara ƙarfi, yakan sauko da matatar iska ƙasa, bayan bamba, gaban taya. Dalili shi ne iskar can ta fi ta cikin bonet sanyi. Amma can ne kuma ruwa ke fara isa.

Mu yi lissafi da injin Toyota 86, wanda ya fito a 2012, ake kuma sayar da shi a matsayin Subaru BRZ, a Amurka kuma Scion FR-S. Lita biyu ne, silinda huɗu, kowace na ɗaukar kusan mililita 500. Fiston yana matse abin da ya shiga ninki 12.5, wato idan ya kai ƙarshen hawansa, gurbin da ya rage bai wuce mililita 43 ba. Cokalin cin abinci uku ke nan. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Da zarar ruwan da ya shiga silinda ɗaya ya fi cokali ukun nan, fiston zai taho da gudu ya ci karo da abin da ba ya motsi. Sai konrod ya lanƙwashe, ko ya karye ya huda jikin injin. Duk wannan domin ƙarin ƙarfin da da wuya ka ji shi a ƙafarka.

Idan mota ta mutu a cikin ruwa, kada ka sake murɗa makulli. Sau da yawa mutuwar farko ba ta yi ɓarna sosai ba, tayarwa ta biyu ce ke ƙarasa injin. A tura ta waje, a cire kan batir, a ja ta zuwa gareji. A can a kwance fulogi duka, a juya injin ruwan ya fita ta ramukansu. A duba baƙin mai, idan ya koma kalar shayi mai madara a zubar. A duba man giya, da na akwatin da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya, domin yana da 'yar ƙofar numfashi, kuma idan yana da zafi ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙo ruwan ciki. A ɗaga kafet a shanya, saboda a motoci da yawa kwamfutar jakar iska a ƙasa take, tsakanin kujerun gaba, kuma soket ɗin da ya jiƙe yau sai bayan wata biyu yake fara rikici.

Ita ma matatar iska mai siffar mazurari da ake bari a buɗe cikin bonet ba ta tsira ba. Kalli zafin iskar shiga a wayarka yayin da kake tsaye a cunkoson kasuwa da rana. Iskar da ta kai digiri 60 ta fi ta digiri 20 rashin nauyi da kusan kashi 12 cikin ɗari, ƙarfi kuma daga nauyin iska yake zuwa. Ga shi irin wadda ake shafa wa mai ta fi ta takarda barin ƙura ta wuce, man kuma yana ɓata sensar iska. A ganina akwatin iska na asali da matatar takarda, ana canza ta a kan kari lokacin hunturu, ya fi su duka a wannan yanki.

Sauke mota da manyan rim

Tsakanin cikin 86 da ƙasa kusan santimita 13 ne daga kamfani. Ka sauke ta da uku, saura goma, kuma abin da ke can ƙasa shi ne kaskon baƙin mai da salansa. Tudun rage gudu na cikin gari ma ya ishe ta. Tayarta ta asali 215/45 ce a kan rim 17, gefenta kusan milimita 97. Idan ka koma 225/35 a kan rim 19, saura 79, kuma wannan roba ita ce ke karɓar dukan rami kafin ya isa rim da shokozoba. Kuɗin gara a sa su a farantin ƙarfe mai kare ƙasan inji.

Tamosta, indomi da fetur

Al'ada ce a garejinmu, mota na isowa daga waje a cire mata tamosta, a haɗa fanka kai tsaye, wai an yi ta ne don ƙasar sanyi. Tamosta ba ya hana inji hucewa, aikinsa ya kai shi zafin da ya dace da wuri ya riƙe shi a can. Idan babu shi, da safiyar hunturu ko a doguwar hanya inji yakan yi sanyi fiye da kima, kwamfutar ta ɗauka har yanzu ana ɗumama shi, ta ci gaba da zuba fetur da yawa. Motoci da yawa sukan fitar da lambar P0128 a kan haka. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Idan mota na zafi, a nemi dalilin: lagireto ya toshe da ƙura ko da gishirin ruwan rijiya, murfinsa ya daina riƙe matsi, ko fanka ta gaji. Murfin nan mai arha shi ke sa ruwa ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba.

Indomi, wato matatar hayaƙi da ke cikin salansa, tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa ake samun masu zugawa a cire ta. Abin da za ka samu shi ne ƙara, wari, da lambar P0420 da za ta bar fitilar gargaɗi a kunne kullum, har ranar da matsala ta gaske za ta zo ba ka lura ba.

Sai maganar sake rubuta manhajar inji. Motoci irin 86 da 350Z an tsara su ne da fetur mai daraja ta sama, mu kuwa iri ɗaya ake sayarwa a gidan mai, wani lokaci ma a galan a bakin hanya. Abin da ke cetonsu shi ne sensar da ke sauraron ƙwanƙwasar inji, da ta ji sai kwamfutar ta jinkirta tartsatsin fulogi, ƙarfi ya ɗan ragu, inji ya tsira. Fayilolin da ake saukewa daga intanet suna cinye wannan rarar ne domin su fitar da ƙarfi, bisa zaton fetur ɗin da ba mu da shi. Mu masu rubuta manhaja muna da ƙa'ida: ba a ɗora sabon abu sai an adana tsohon, kuma ba a canza abu biyu lokaci guda. Haka ma a nan. Ka adana fayil na asali a wuri biyu. Ka zaɓi hanya ɗaya, misali daga Haɗejia zuwa Malam Madori, ka bi ta da manhajar tana naɗar bayanai kafin gyara, ka sake bi bayan gyara a irin lokacin da irin gudun. Idan lambobi ba su nuna ci gaba ba, ƙarar salansa ce kawai ke ruɗin kunnenka.

Wacce ce za ta rayu a nan?

Kayan gyara daga Ƙofar Ruwa a Kano suke zuwa, tafiyar wajen kilomita 200, abin da babu a can kuma sai Ladipo a Legas. Don haka motar da ke raba kaya da motocin gama-gari ita ce mai sauƙin riƙo. Accord mai ƙofa biyu da Civic suna kan gaba. 350Z tana da injin V6 mai lita 3.5 ɗan gida ɗaya da na Maxima, Murano da Infiniti G35, ana samun wasu kayan. 86 kuwa, duk da tambarin Toyota, injinta na Subaru ne, mai kayan Corolla ba lallai ya taimake ka ba. Mazda RX-8, wadda injinta ba shi da fiston sam, sai wanda ya shirya zama makanikin kansa.

Idan akwai kuɗin gyara a hannu, a fara da tayoyi huɗu masu kyau. A gefen kowace akwai lambobi huɗu bayan rubutun DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar tokumbo da ta haura shekara shida, ko da zanenta na nan, robar ta bushe, kuma kwaltar Mayu ba ta yi mata uzuri. Bayan taya sai man birki, wanda ke shan danshi a hankali har ya riƙa tafasa idan birki ya yi zafi, ana so a canza shi duk shekara biyu. Ƙarshen damina, wajen Oktoba, shi ne lokacin da ya fi dacewa a yi shi tare da man akwatin tayoyin baya.