Baƙin ruwan hunturu: ina lakarsa?

Wanda ya bar Kontagora a watan Janairu ya nufi Yawuri zai yi ta haye rafukan da suka koma yashi zalla, ga hazo, ga ƙura. Yana isa bakin Neja sai ya tarar da kogi cike, alhali ko yayyafi ba a yi ba tun Oktoba. Ruwan kuma garau yake, duhu-duhu, ba irin farin ruwan Satumba mai kaurin koko ba. Daga ina?

Ba namu ba ne. Daminar tsaunukan Gini ce, wadda ta sauka watanni da suka wuce, sai yanzu ta iso. To amma da sauran magana: ruwan da ya gangaro daga tsauni ai da laka ya kamata ya zo. Ina ta tafi?

Masu awo ne suka bi sawunta. Sukan tsoma kwalba a zurfi daban-daban, daga wannan gaɓa zuwa waccan, su tace ruwan, su busar da abin da ya saura, su ɗora a sikeli. Nauyin da lita ɗaya ta bari sai a ninka shi da yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa. Yashi da tsakuwa masu birgima a ƙasan kogi kuwa kwalba ba ta kama su, sai an nutsa musu tarko mai raga, aiki ne mai haɗari in ruwa ya kawo.

Tun a Kulikoro, cikin Mali, lakar ba ta taka kara ta karya ba, don duwatsun Gini tsofaffi ne, ba sa zaizayewa da sauƙi. Wani kaso nata kuma kafin Tambutu yake zubewa. A yankin Mopti kogin ke bazuwa cikin makekiyar fadama, ya ratsa tafkin Debo da ciyawar burgu yana jan ƙafa, kuma ruwa in ya rage gudu dole ya sauke kaya. Fadamar da ta jinkirta shi ita ce ta tace shi.

Farin ruwan ne ya fi damuna, domin ƙasar gonaki ce yake kwasowa, ta kogin Sakkwato da 'yan uwansa, tana kwanciya bayan madatsar Kainji tun 1968. Kogin Kontagora ƙasa da Kainji yake faɗawa Neja, don haka nasa kayan a tafkin Jebba yake sauke su. Mafi yawan lakar shekara cikin 'yan kwanakin ambaliya take wucewa, saboda haka a kan gadojinmu ya kamata a ga mai kwalba, cikin Agusta, ruwa na tsuga.