Matuƙin Sama da Matuƙin Ruwa a Cikin Hazo

Idan hunturu ya kankama, jirgin da ke shirin sauka a Birnin Kebbi da kwale-kwalen da ya taso daga Warra ya nufi Yawuri abu guda suke nema: su hango masauki kafin lokaci ya ƙure.

Matuƙin jirgin sama na'ura ce ke jagorantarsa cikin hazo, amma ba ta kai shi har ƙasa. A filin da ke da na'urar ILS ta rukunin farko, iyakarsa kusan ƙafa 200 ce daga ƙasa. Da ya kai nan, dole idonsa ya kama ɗaya daga cikin alamomin da doka ta lissafa: jerin fitilun da ke gaban titin sauka, ko bakin titin da fararen zanensa, ko fitilun gefe. Akwai kuma fitilu huɗu na PAPI. Biyu fari biyu ja na nufin gangarowarsa daidai ce, huɗu ja kuwa ya yi ƙasa da yawa. Hango rufin gidaje ko fitilun gari ba ya cikin lissafi. In bai ga komai ba, sai ya ƙara wuta ya koma sama, ya sake gwadawa ko ya wuce wani filin, domin tun kafin tashi an zuba masa man yin hakan. Ba a ɗaukar wannan a matsayin gazawa.

Mai kwale-kwale kuwa ido ne jarinsa tun daga mashiga. Alamominsa kuka ce a gaɓa, ko hasumiyar masallaci, ko ƙarfen sabis, kuma babu wadda aka kafa dominsa. Ga shi tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye gonaki da dazuzzuka, kututturan suna nan a ƙasa. Tafkin da madatsar ta samar na hawa da sauka kowace shekara, hanyar da ta ɓulle bayan damina tana iya zama tarko da bazara. Sarkawa da Gungawa sun haddace wannan, kuma a wajen karanta ruwa ba na jin akwai makarantar da za ta kamo su.

Sai dai ƙwarewa ba ta maye gurbin ƙa'ida. Matuƙin sama yana da wurin da aka rubuta masa cewa ya haƙura. Na ruwa sai dai ya yi gardama da fasinjan da ke sauri ya kama kasuwa. Haɗarin da ya auku kusa da Warra a watan Mayun 2021, wanda aka ɗora laifinsa kan lodi fiye da kima, ya nuna abin da rashin iyaka ke jawowa.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare. Saura ta kafa fitilu da alamomin ruwa a mashigan Yawuri, Ngaski da Shanga, sarakunan ruwa kuma su tsayar da doka: in ba a hango alamar da aka amince da ita daga mashiga ba, kada jirgi ya tashi.