Yadda Ake Kasa 'Yan Kwangila Aji Aji

Gwamnati ba ta ƙera kujerun makaranta da kanta, ba ta kuwa yin siminti ko magani. Wurin 'yan kasuwa da 'yan kwangila take saye, da kuɗin harajin jama'a. In an ba mutum aikin da ya fi ƙarfinsa, sai ginin ya tsaya a linta, damina ta zo ta rushe shi, kuɗi su salwanta, yara su ci gaba da karatu a gindin itace. Don gudun haka ake kasa masu kawo kaya aji aji tun kafin a ba kowa aiki.

A zamanin En'e, hakimai da ma'aji suna da hannu cikin sha'anin baitulmali. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 wannan nauyi ya koma wuyan majalisun ƙananan hukumomi. A 2007 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar saye da ba da kwangila, ta kafa hukumar da ake kira BPP don ta lura da ita. Cikin ayyukan wannan hukuma har da ajiye rajistar 'yan kwangila da kasa su aji aji. Jihohi da yawa sun yi tasu dokar mai kama da wannan.

Kashi na fari: irin aikin mutum

Doka ta raba abin da gwamnati ke saye gida uku. Akwai kaya, watau kamar littattafai, da taki, da magunguna. Akwai ayyuka, watau gini, da hanya, da kwalbati, da haƙa rijiyar burtsatse. Sa'an nan akwai hidima, watau aikin masu sani kamar zanen gini, da awon ƙasa, da binciken lissafin kuɗi. Gwanin sayar da takarda bai zama gwanin gina gada ba, ko da amintacce ne.

Kashi na biyu: ƙarfin mutum

A nan ana duba jarinsa, da kayan aikinsa, da ƙwararrun da ke ƙarƙashinsa, da ayyukan da ya taɓa gamawa. Lalle ne ya nuna takardar rajistar kamfaninsa daga hukumar CAC, da takardar shaidar biyan haraji ta shekaru 3 da suka wuce. Bisa ga abin da aka gani sai a sa shi a aji, kowane aji da iyakar kuɗin aikin da zai iya nema. Wannan ba wulakanci ba ne ga ƙaramin ɗan kwangila. Wanda ya yi gyaran ajin makaranta da kyau bana, ya kama hanyar hawa aji na gaba.

Kashi na uku: matsayin kayan

A 1983 wani masani mai suna Peter Kraljic ya bayyana wata dabara wadda ma'aikatu da yawa ke bi har yanzu. Tambaya biyu ake yi game da kowane kaya: nawa yake ci daga cikin kuɗi, kuma yaya wuyar samunsa take? Amsar ita ke fid da rukuni huɗu.

1. Kaya masu araha, masu sayarwa kuma da yawa, kamar alli da tsintsiya. Kada a ɓata lokaci kansu, a saya gaba ɗaya a sauƙaƙe rubuce-rubuce.

2. Kaya masu cin kuɗi, amma masu sayarwa da yawa, kamar siminti da kwanon rufi. A nan a yi shela, 'yan kasuwa su yi gasa, a ɗauki mafi rangwame cikin waɗanda suka cika sharaɗi.

3. Kaya marasa tsada masu wuyar samu, kamar wani ɗan ƙarfe na famfon burtsatse. Rashinsa kaɗai ya isa ya hana ƙauye guda ruwa. Ya kamata a ajiye wasu a sito, a kuma nemi mai sayarwa na biyu.

4. Kaya masu tsada masu wuyar samu, kamar maganin dafin maciji, wanda asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ke bukata ƙwarai. Masu yinsa kaɗan ne, daga ƙasashen waje kuma ake kawo shi. Irin wannan sai an ƙulla yarjejeniya mai tsawo da mai kawowa, a riƙa biyansa kan lokaci, don rai ne ke tafiya in ya yanke.

Abin da ya shafi hakimi da malaminsa

Hakimi ba ya ba da kwangila, amma a ƙasarsa ake yin aikin, talakawansa kuma za su ci amfaninsa ko su sha wahalarsa. Ya kamata malamin hakimi ya buɗe littafi, ya rubuta sunan kowane kamfani da ya zo aiki, da ranar farawa, da ranar gamawa, da halin da aikin ke ciki bayan damina ɗaya. In an nemi shaidar hakimi kan wani, littafin nan ne zai yi magana, ba zumunci ko sanayya ba.

Har ila yau a lura da wata dabara ta marasa gaskiya, watau yayyanka babban aiki ƙanana ƙanana don ya faɗo hannun wanda ajinsa bai kai ba. Dokar 2007 ta ƙidaya wannan cikin laifuffuka. Kamfanin da kotu ta kama da laifi ƙarƙashinta za a hana shi kwangilar gwamnati shekaru 5 ko fiye, a kuma ci shi tarar kashi 25 cikin 100 na kuɗin aikin.

Hakimin da ya ga aiki ya tsaya, ko an kawo kayan da ba su ne aka yi alkawari ba, sai ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma da majalisar sarki tun da wuri, kafin a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa.