Korar Baƙo da Haƙƙin Ɗan Ƙasa a Gaban Shari'a

Kowace hukuma tana da ikon fitar da baƙo daga ƙasarta, amma ikon nan yana da iyaka. Tambaya ta farko da shari'a ke yi ita ce: shin mutumin nan baƙo ne?

Shari'ar Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman ta isa misali. A watan Janairu na 1980 aka kama shi a Maiduguri, alhali shi ne shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, aka fitar da shi zuwa Chadi bisa umurnin Ministan Al'amuran Cikin Gida, wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar Kotun Maiduguri ta saurari shaidu, ta tabbatar mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce, shi ma nan aka haife shi. Saboda haka ta soke umurnin, domin sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1979 ya hana korar ɗan ƙasa. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya maimaita wannan hani.

Shi ma baƙo na ainihi ba a bar shi haka nan ba. Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam ta 1981 ta ce wanda ya shigo bisa ƙa'ida ba za a fitar da shi ba sai da hukuncin da ya bi doka, ta kuma haramta korar baƙi jumla. Watau kowa da tasa shari'ar, kuma sa hannun minista ba ya rufe ƙofar kotu.